Yadda ake gane kobelait, shuɗin ma'adinin jan ƙarfe, a bambanta shi da masu kama da shi

Duk wanda ya fara tara duwatsun ma'adinai, akwai ranar da wani dutse mai shuɗi da walƙiya zai faɗo hannunsa, a ce masa wannan kobelait ne. Cikin waɗanda aka sha kawo mini in duba da wannan suna, mafi yawa ba shi ba ne. Wasu bonait ne da ya sha iska, wasu kuwa kalkofairait ne da aka tsoma a asid don ya yi launi; su biyun ma'adinai ne na jan ƙarfe da baƙin ƙarfe da farar wuta. Ido kaɗai ba ya raba wannan gardama, domin ma'adinan jan ƙarfe da farar wuta kusan dukkansu kan yi shuɗi a fuska idan suka daɗe a waje. Abin da ke rabawa shi ne gwaji, kuma yawancin gwajin a kan teburi ɗaya za ka yi shi, da kayan da ba su da wahalar samu.

Kobelait haɗin jan ƙarfe ne da farar wuta, ƙwaya ɗaya ta wannan da ɗaya ta wancan, shi ya sa ake rubuta shi CuS. A nauyi, kusan kashi 66 cikin 100 jan ƙarfe ne, sauran farar wuta. An sa masa sunan Niccolo Covelli, masanin ma'adinai ɗan Italiya da ya same shi a dutsen Besubiyas mai aman wuta, kuma a 1832 aka raɗa masa sunan. Samun ɗan shafensa a kan wasu ma'adinai ba abin mamaki ba ne a mahaƙar jan ƙarfe. Abin da ke da wuya shi ne samun sa zalla, ko samun faya-fayansa masu kusurwa shida.

Kayan aiki

Ka tara waɗannan kafin ka taɓa dutsen:

- Madubin ƙara girma na hannu, mai ninka abu sau 10.
- Farin tayil mara santsi. Idan babu, juya tayil na bango ka yi amfani da bayansa, in dai fari ne.
- Guntun wayar jan ƙarfe mai kauri, wadda aka kankare ta yi haske. Irin ta cikin wayar lantarki ta isa.
- Allurar ƙarfe ko ƙaramar wuƙa mai tsini.
- Sikelin lantarki mai auna har 0.01 na giram. Mai 0.1 ma zai yi idan dutsen ya haura giram 20.
- Ƙaramin kofin roba mara nauyi, zare siriri, da ruwa mai tsabta.
- Burushi mai laushi irin na masu zane, da tsumma mai taushi.
- Mayen ƙarfe.
- Takarda da alƙalami, da ƙaramin akwati ko leda mai zif ga kowane dutse.

Don gwajin wuta da ke can ƙarshe, za ka buƙaci siririyar kwalbar gwaji mai jure zafi, hantsaki, gawayi, ɗan murhun gas mai harshe shuɗi, da tabarau na kare ido. Wannan matakin ba dole ba ne, kuma zan faɗi lokacin da ya kamata a bar shi.

Farcenka ma kayan aiki ne, kuma shi ne mafi muhimmanci a nan. Kada ka yanke shi ƙasa-ƙasa ranar da za ka yi gwaji.

Tsarin aikin ɗaya ne: ka fara da abin da ba ya ɓata dutsen, ka bar mai ɓatawa sai ƙarshe, kuma ka rubuta sakamakon kowane mataki kafin ka wuce gaba.

1. Tambayi inda ya fito, ka duba abin da ke tare da shi

Kafin komai, rubuta inda aka samo dutsen da ranar da ya zo hannunka. Asalin dutse rabin shaidarsa ne, domin kobelait ba ko'ina yake fitowa ba.

Ga yadda yawancinsa ke samuwa. Ruwan sama da iska suna cin fairait (ma'adinin baƙin ƙarfe da farar wuta mai ruwan zinare) da kalkofairait da ke saman jijiyar ma'adini. Wannan cin yana haifar da ruwa mai tsami wanda ke narkar da jan ƙarfe ya gangara da shi ƙasa, ya bar wani dutse mai tsatsa da ramuka a sama. Da ruwan ya kai matakin da ƙasa ke cike da ruwa, inda iska ba ta isa, sai jan ƙarfen ya kama jikin ma'adinan farar wuta da ya tarar, ya maye gurbinsu sannu a hankali. A wannan shimfiɗa ake samun kalkosait (wani ma'adinin jan ƙarfe da farar wuta mai ruwan dalma) da yawa, da kobelait kaɗan. Shi ya sa sau tari za ka gan shi shafe-shafe a kan kalkofairait ko bonait, ko ya cika tsaga siririya, ko ya zama kamar baƙin kunkunniya mai ratsin shuɗi.

Manyan faya-faye masu kyau kuwa wurare ƙalilan ne suka shahara da su: Butte a jihar Montana ta Amurka, Summitville a Kolorado, mahaƙar Calabona kusa da Alghero a tsibirin Sadiniya na Italiya, da Bor a ƙasar Sabiya. An kuma haƙo dunƙulensa a Kennecott ta Alaska tare da kalkosait. Na Besubiyas daban ne, domin daga tururin aman wuta ya daskare a bakin ramuka.

Saboda haka duba uwar dutsen, wato dutsen da ma'adinin ke manne a jikinsa, da madubi. Idan ka ga fairait, kalkosait, bonait, enajait (wani baƙin ma'adinin jan ƙarfe) ko farin dutsen kwaz, kana kan hanya. Idan abin da ke kewaye da shuɗin kore ne shar mai laushi kamar gansakuka, a cikin dutse mai ruwan ƙasa, to ka fi kusa da azurait (mai shuɗi) da malakait (mai kore), wasu ma'adinan jan ƙarfe waɗanda ke saman shimfiɗar da muke magana.

2. Tsabtace shi da hannu mai sauƙi

A nan ne na yi asarata ta farko, kuma har yau ina jin ta. Wani ƙaramin dutse ne mai faya-faye uku a tsaye, na sa burushin wanke haƙori na goge shi a ƙarƙashin famfo. Da na ɗaga shi, gefunan faya-fayan sun lanƙwashe, fuskarsu ta cika da zane, ƙyallin ya dushe. Babu abin da zai mayar da shi.

Kobelait ya fi farce laushi. Ka kaɗe ƙura da burushi mai laushi, ko ka hura masa iska. Idan da laka, jiƙa shi a ruwa mai tsabta na 'yan mintuna, ka ɗauraye ba tare da gogewa ba, ka ɗora a kan tsumma ya bushe sosai. Kada ka sa shi a asid ko ruwan bilic, kada ka sa shi a injin wanki mai girgiza ruwa, domin faya-fayan za su rabu. Kada kuma ka shafa masa mai don ya yi sheƙi, zai ɓata maka gwaji na gaba.

3. Duba launi a hasken rana, sannan ka ɗiga ruwa

Fita da dutsen inda hasken rana yake, amma ba cikin tsakiyar rana ba. Fitilar ɗaki tana canza launin ma'adinai masu ƙyalli.

Launin kobelait shuɗi ne mai duhu irin na baba, wani lokaci har ya kusa zama baƙi, da ƙyalli kamar na ƙarfe amma bai kai na fairait ba. Idan ka juya shi, kana iya ganin walƙiyar shunayya, ja mai duhu, ko rawaya. Abin lura shi ne shuɗin nasa na jiki ne, har ciki. Na bonait da kalkofairait riga ce kawai.

Hanyar tabbatarwa ita ce ka nemi wurin da dutsen ya karye sabo, ko ka ɓalle ɗan mitsitsi daga ƙasansa inda ba a gani. Idan cikin ya fito jaja-jaja kamar tagulla, bonait ne, kuma cikin kwanaki kaɗan wurin zai sake rinewa. Idan ya fito rawaya kamar farin ƙarfen da ake ƙera kwanuka, kalkofairait ne. Idan ruwan toka ne mai duhu kamar dalma, ka yi zaton kalkosait. Idan ciki da waje duk shuɗi ne, ci gaba.

Akwai duwatsun da ake sayarwa da laƙabin dutsen dawisu, masu shuɗi da shunayya da kore da ruwan zinare duk a fuska ɗaya. Da yawansu kalkofairait ne da aka jiƙa a asid. Launinsu ya cika haske da yawa, kuma ya rufe ko'ina daidai wa daida, har cikin ramuka. Ba laifi ba ne mutum ya so su don ado, amma bai kamata a rubuta musu sunan da ba nasu ba.

Yanzu gwajin da na fi so. Ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a kan fuskar shuɗin, ka duba da madubi. Kobelait yana juyawa zuwa shunayya mai zurfi a ƙarƙashin ɗigon, alhali gefen da ke bushe yana nan shuɗi, har ka ga iyakar launukan biyu tana bin bakin ruwan. Da ruwan ya bushe, shuɗin ya dawo. Dalili shi ne yadda yake mayar da jan haske yana canzawa idan abin da ke kansa ya fi iska kauri. A cikin man da ake amfani da shi a madubin ɗakin bincike, canjin ya fi haka ƙarfi, har ya karkata zuwa ja. Kowane dutse yakan ƙara duhu idan ya jiƙe, don haka kada ka ruɗe: canjin launi kake nema, daga shuɗi zuwa shunayya. Idan fuskar ba ta da santsi, ko shafen ya yi siriri ƙwarai, canjin ba zai fito sosai ba, sai ka rubuta "ba a tabbatar ba" ka wuce.

4. Nemi faya-faye, ka gwada tsagewa

Ƙwayoyin kobelait a shimfiɗe suke hawa-hawa, kuma haɗin da ke tsakanin wasu hawan yana da rauni. Saboda haka yana tsagewa ta fuska ɗaya tak, cikin sauƙi, ya ba da ɓawo mai santsi. Idan kana da sa'ar samun ƙirarsa cikakkiya, za ka ga faifai siriri mai kusurwa shida, galibi da yawa a tsaye suna ratsa juna. Ko a dunƙule yake, madubi kan nuna ganye-ganye a jere kamar shafukan littafi.

Sa tsinin allura a gefen wani ganye a wurin da ba a gani, ka ɗaga a hankali. Ɓawon zai tashi. Ɗora shi a kan farar takarda ka danna gefensa: zai lanƙwashe ba tare da ya karye ba, kuma ba zai miƙe ya koma yadda yake ba. Bonait da kalkofairait ba sa yin haka, farfashewa suke yi. Kalkosait yakan yanku da wuƙa ya bar wuri mai sheƙi, amma ba ya tashi ganye-ganye.

Akwai biyu da ke yin ganye mai lanƙwasa kamar wannan, kuma sun ruɗi mutane da yawa: molibdenait, wani ma'adini mai laushi da ba na jan ƙarfe ba, da girafait, abin da ake yin bakin fensir da shi. Molibdenait ma nauyinsa kusan ɗaya ne da na kobelait. Amma launinsa ruwan dalma ne mai ɗan ratsin shuɗi, ba shuɗin baba ba, yana da santsi kamar maiƙo a yatsa, yana rubutu a takarda, kuma ruwa ba ya mayar da shi shunayya. Girafait baƙi ne, kuma da ka ɗauka za ka ji ba shi da nauyi.

5. Gwada tauri

Wannan shi ne gwajin da ya fi raba gardama. A ma'aunin taurin ma'adinai na Mohs mai hawa 10, kobelait yana tsakanin 1.5 da 2. Farce yana wajen 2.5, jan ƙarfe wajen 3, wuƙa wajen 5.5. Kalkosait da ɗan'uwansa dijenait suna 2.5 zuwa 3, bonait 3, kalkofairait 3.5 zuwa 4, azurait ma haka, fairait kuwa 6 zuwa 6.5. Ka ga ke nan cikin duk danginsa na jan ƙarfe da aka fi haɗuwa da su, kobelait ne farce ke karta cikin sauƙi.

Zaɓi wuri a bayan dutsen. Danna farcen babban yatsa ka ja kamar milimita 2 ko 3. Goge wurin da ɗan yatsa mai danshi, sannan ka duba da madubi. Idan rami ya rage, farce ya karce shi. Idan layin ya goge, farcenka ne ya bar gari a kan dutsen, ba karta ba ce. Wannan shi ne kuskuren da sababbi suka fi yi, kuma yana faruwa da wayar jan ƙarfe ma, wadda kan bar jan layi a kan dutsen da ya fi ta tauri.

Idan farce bai kama ba, gwada waya, sannan allura. Kada ka fara da allura, domin tana karce su duka in ban da fairait, ba za ka koyi komai ba sai ɓarna.

Hattara da abu biyu. Na ɗaya, idan kobelait ɗin shafe ne a kan wani ma'adini, farce zai kankare shuɗin ya tsaya a kan abu mai tauri a ƙasa. Wannan ba ya nufin ba kobelait ba ne, yana nufin kana da ma'adinai biyu, sai ka rubuta duka. Na biyu, kalkosait mai kama da kunkunniya yana murmushewa ya baƙanta yatsa, har ka zaci laushi ne. Murmushewa daban, kartuwa daban. Tauri a kan ƙwaya mai ƙarfi ake gwada shi, ba a kan gari ba.

6. Ja shi a kan tayil

Goga gefen dutsen a kan farin tayil sau ɗaya, da ɗan ƙarfi. Kobelait yana barin layi ruwan dalma zuwa baƙi, mai ɗan sheƙi. Wannan gwajin ba ya raba shi da kalkosait ko bonait, domin nasu ma baƙi-baƙi ne. Amfaninsa shi ne fitar da azurait, mai barin layi shuɗi mai haske, da kalkofairait, mai barin baƙi mai ratsin kore. Idan dutsen mai faya-faye ne masu kyau, kada ka goga shi gaba ɗaya. Yi amfani da ɓawon da ka ɗaga a mataki na 4, ka murje shi a kan tayil da bayan wuƙa.

Idan har yanzu kana shakkar azurait, kankaro ɗan gari ka ɗiga masa asid mai rauni. Azurait yana kumfa, kobelait ba ya yi. A kan garin za ka ɗiga, ba a kan dutsen ba.

7. Auna nauyinsa da ruwa

Abin da ake nema shi ne sau nawa dutsen ya fi ruwa mai girmansa nauyi. Na kobelait 4.6 zuwa 4.8 ne. Kalkofairait 4.1 zuwa 4.3, bonait wajen 5.1, dijenait wajen 5.6, kalkosait 5.5 zuwa 5.8, azurait wajen 3.8, girafait wajen 2.2.

Auna dutsen a bushe ka rubuta. Zuba ruwa a kofin roba yadda zai rufe dutsen, ɗora a kan sikeli, ka danna maɓallin da ke mayar da shi sifili. Ɗaure dutsen da zare, ka sauke shi cikin ruwan a hankali har ya nutse gaba ɗaya, yana rataye, bai taɓa ƙasan kofi ko gefensa ba. Lambar da sikelin ya nuna ita ce nauyin ruwan da dutsen ya ture. Raba nauyin bushe da wannan lambar. Misali, dutse mai giram 23.40 a bushe, sikeli ya nuna 5.00 da yake rataye a ruwa, amsa 4.68 ke nan, ta faɗa cikin iyakar kobelait.

Hannu yana rawa, lambar ta yi ta tsalle. Maganinsa ka ɗaura zaren a jikin fensir, ka gitta fensirin a kan littattafai biyu da ke gefen sikelin, ba a kansa ba. Kumfar iska da ke maƙale a ramukan dutse tana rage amsar, don haka ka taɓa su da burushi su tashi. Maimaita sau uku, kana busar da dutsen kafin kowane awon bushe.

Wannan gwajin yana aiki ne kawai idan guntun kobelait ne zalla ko kusan zalla. Idan rabinsa kwaz ne, amsar za ta sauko, idan da kalkosait a ciki za ta hau, kuma haɗin kwaz da kalkosait na iya ba ka 4.7 daidai alhali babu kobelait ko kaɗan. Idan dutsen gauraye ne, tsallake wannan matakin. Idan sikelinka mai 0.1 ne kuma guntun ƙarami, shi ma tsallake, domin kuskuren zai fi bambancin da kake nema girma.

8. Gwajin wuta, ga wanda ke da wurin yi

Idan launi, ɗigon ruwa, tsagewa da tauri duk sun yi daidai, ba ka buƙatar wuta. Ina yin ta ne kawai idan dutsen dunƙule ne mara siffa kuma ina son raba shi da kalkosait ko bonait.

A waje ake yi, iska tana kaɗawa daga bayanka, da tabarau a ido. Hayaƙin farar wuta yana shaƙe maƙogwaro, kuma yana da haɗari ga mai asma. Abin da ya fi wannan shi ne enajait, wanda ke yawan zama tare da kobelait a wurare irin su Butte da Bor, yana ɗauke da sinadarin asanik mai guba. Idan ka ga baƙin ma'adini mai dogayen layuka a jikin dutsen, ko ka ji wari irin na tafarnuwa da ka fara ɗumamawa, kashe wutar ka matsa. Guntun da za ka ƙona kada ya wuce ƙwayar yashi babba.

Sa guntun a ƙasan kwalbar gwaji, riƙe ta a karkace da hantsaki, bakinta yana kallon nesa da kai, ka ɗumama ƙasan. Kobelait yana sakin wani ɓangare na farar wutarsa, ta hau ta daskare a inda kwalbar ke da sanyi, ta yi zobe mai duhu da zafi, rawaya idan ta huce. Kalkosait ba ya ba da wannan zoben, domin ba shi da rarar farar wuta. Fairait yana bayarwa, don haka ka tabbata guntun da ka ɗauka ba shi da ɗigon rawaya ko ɗaya a madubi.

Sannan ɗora wani guntun a ɗan rami a jikin gawayi ka kai masa harshen wuta. Kobelait yana kamawa da harshe shuɗi, yana warin ashana, ya narke ya zama ɗan ƙwallo. Bari ya huce, ka kai masa mayen ƙarfe. Ragowar bonait da kalkofairait tana bin mayen ƙarfe saboda baƙin ƙarfen da ke cikinsu. Ta kobelait zalla ba ta bi.

Akwai gwajin narkarwa a asid mai ƙarfi a ƙara amoniya ruwan ya zama shuɗi. Ban ba da shawarar yin sa a gida ba. Jan ƙarfe kawai yake nunawa, kuma dukkan waɗanda kake ƙoƙarin rabawa suna da shi.

9. Haɗa sakamako, ka san inda teburi ya tsaya

Ɗauki takardarka ka karanta daga sama. Shuɗi har ciki, ya zama shunayya a ruwa, yana tashi ganye mai lanƙwasa, farce yana karta, layi baƙi-baƙi, nauyi wajen 4.7: rubuta kobelait da gaba gaɗi. Idan biyu daga cikin huɗun farko sun saɓa, kada ka tilasta sunan. Son zuciya yana shiga wannan aiki ta ƙofar da ba ka zata ba, musamman idan ka riga ka faɗa wa mutane abin da kake da shi.

Tsakanin kobelait da kalkosait akwai dangi da yawa, duk jan ƙarfe da farar wuta, bambancinsu yawan jan ƙarfen ne kawai. Akwai dijenait, wanda aka bayyana tun 1844 daga Sangerhausen a Jamus. Akwai jurlait, da aka tabbatar a 1962 aka sa masa sunan Djurle, masanin sinadarai ɗan Suwidin. Akwai anilait daga mahaƙar Ani a yankin Akita na Jafan, da aka bayyana a 1969, wanda niƙa shi kaɗai kan canza tsarinsa ya koma irin na dijenait, har masu ɗakin bincike sai sun yi taka-tsantsan wajen shirya shi. Waɗannan sun fi kusa da kalkosait a tauri da nauyi, don haka farce da sikeli za su raba su da kobelait, amma ba za su raba su da junansu ba.

Masu wahalar su ne yarowait da sifiyonkofait, waɗanda aka bayyana a 1980 daga rafukan Yarrow da Spionkop a lardin Albata na Kanada. Kamarsu ɗaya da kobelait, har da can ana kiransu kobelait mai zama shuɗi, domin ko an sa su a mai ba sa juyawa zuwa ja kamar shi. Idan dutsenka ya ci yawancin gwaje-gwajen amma ya ƙi canza launi, yana iya zama ɗayansu. Ba teburi ne zai yanke wannan ba. Sai a goge fuskarsa a duba a madubin ma'adinai, inda kobelait ke walƙiya da ruwan goro mai kamar garwashi idan aka gitta matatan haske biyu, ko a harba masa hasken eksire a karanta tsarin ƙwayoyinsa. Sashen ilimin ƙasa na jami'a shi ne wurin tambaya, kuma ɗan guntu kamar ƙwayar yashi ya ishe su. Kafin amsa ta zo, abin da nake rubutawa a takarda shi ne "ma'adinin jan ƙarfe da farar wuta, mai kama da kobelait".

10. Ajiya

Kowane dutse da akwatinsa, domin ko gogayya da maƙwabcinsa tana karce shi. Kafa shi a kan soso mai laushi, faya-fayan suna sama ba sa taɓa murfi. Auduga tana sarƙewa a gefunan ganye, ka guje ta. Riƙe shi ta uwar dutse, gumin yatsa yana dusar da fuskarsa.

Danshi shi ne babban abokin gaba, musamman idan da fairait a jiki. Sa ƙaramar jakar ƙwayoyin tsotse danshi a cikin akwatin, ka riƙa canza ta. Idan ka buɗe ka ji warin tsami, ko ka ga farin gari ko kore-kore yana fitowa, ko takardar suna ta fara cinyewa, ware wannan dutsen daga sauran nan take, ka kaɗe garin da busasshen burushi, ka sa shi a sabon akwati mai rufuwa ruf. Ka wanke hannu bayan kowane aiki, kuma ka ajiye akwatunan inda yara ba sa kaiwa.

A takardar suna rubuta sunan ma'adinin, mahaƙa ko wurin da aka samo shi, ƙasa, shekarar da ya zo hannunka, da gwaje-gwajen da ka yi da sakamakonsu. Ba wa dutsen lamba, ka manna ta a ƙasan uwar dutse da ɗan gam mai fita da ruwa, ka rubuta lambar nan a takardar da kuma littafinka, don ko akwati ya kife takardu suka gauraya, kowanne zai koma wurinsa.